Dayin ado: furen ƙaya da masu lambu ke so, makiyaya ke gudu

A wuraren sayar da furanni na Birtaniya da Holan, ana sayar da wasu tsirrai masu ƙaya a tukwane, masu lambu kuma suna rububinsu saboda launinsu na shuɗi da shunayya da ruwan azurfa. A wasu jihohin Amurka da Ostireliya kuwa, 'yan uwan waɗannan tsirrai na cikin jerin ciyayin da doka ta wajabta wa mai fili ya kawar da su. Sau da yawa tsiro ɗaya ne: a wannan ƙasa abin ado, a waccan abin tara. Abin da ya raba hukuncin biyu shi ne yanayin ƙasar da aka kai shi, da kuma ko wanda ya shuka shi ya bar irinsa ya tsallake shinge.

Mene ne dayin ado?

Manoma da makiyayan ƙasar Hausa sun san dayi, ciyawar nan mai ƙaya da ke fitowa a gonaki da saurukan Sahel, wadda raƙuma ke ci ba tare da damuwa da ƙayarta ba. Dayi ɗaya ne daga cikin wani babban reshe na tsirrai da masana ke kira Cardueae, mai nau'o'i sama da 2,000, mafi yawansu 'yan asalin yankin Bahar Rum da yammaci da tsakiyar Asiya. Reshen yana cikin gidan Asteraceae, gida ɗaya da shuwaka da latas. Waɗanda ake shukawa domin ƙawata lambu su ne ake nufi da dayin ado a nan.

Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya a kan dayi tarin ƙananan furanni ne masu yawa da suka cure wuri guda, ganyaye masu tsini suna kewaye da su kamar masu gadi. Idan furannin suka bushe, a yawancin nau'o'in kowace ƙwayar iri tana fitowa da gashi mai laushi irin na 'ya'yan tumfafiya, iska ta ɗauke ta. Ƙayar kariya ce daga dabbobi masu kiwo, gashin kuma shi ne abin hawan irin. Waɗannan siffofi biyu su ne tushen kyan tsiron, su ne kuma tushen matsalarsa.

Nau'o'in da aka fi shukawa

Echinops, wato dayi mai ƙwallo, shi ne ya fi sauƙin sha'ani. Furensa dunƙule ne mai girman lemun tsami, shuɗi mai ƙyalli kamar ƙarfe, a kan kara mai tsawon santimita 60 zuwa 120 ko fiye. Yana sake tohowa duk shekara daga saiwarsa, yana fure daga Yuli zuwa Satumba a Turai. Nau'o'insa da suka shahara a kasuwa sun haɗa da Veitch's Blue da Taplow Blue.

Cirsium rivulare, musamman nau'in Atropurpureum mai fure ja mai duhu, ya yi suna a baje kolin furanni na Chelsea da ake yi a Landan duk watan Mayu. Ya bambanta da sauran domin ɗan bakin rafi ne, yana son ƙasa mai laima. Yana tsayawa a gindi ɗaya, ba ya bin ƙarƙashin ƙasa ya mamaye maƙwabtansa.

Onopordum acanthium, dayi mai auduga, shi ne ƙaton cikinsu. Shekara biyu yake rayuwa. A ta farko yana shimfiɗa manyan ganyaye masu farin gashi a ƙasa kamar faifai, a ta biyu ya miƙe har ya kusa mita 3, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu. Masu tsara lambu suna son sa saboda kwarjininsa, hukumomin aikin gona kuma suna tsoron sa.

Cynara cardunculus, wanda mutanen Bahar Rum ke cin karansa, yana da ganyaye ruwan azurfa da kan kai tsawon mita guda, da fure shunayya mai girman dunƙulen hannu. Daga gare shi aka samo atishok, kayan lambun da Masar da Italiya da Sifaniya ke kan gaba wajen nomansa.

Silybum marianum, dayi mai nono, ana gane shi da fararen jijiyoyin da ke ratsa ganyensa kamar an zuba madara. Daga irinsa ake tatso sinadarin silimarin da ake sayarwa a matsayin ƙarin magani na hanta.

Akwai kuma Eryngium, wanda kama ce kawai ta haɗa shi da dayi, domin shi ɗan gidan karas ne. Masu lambu suna lissafa shi tare da su saboda ƙayarsa da launinsa. Wani nau'insa mai ruwan azurfa, Eryngium giganteum ɗan yankin Kokeshiya, Turawan Ingila suna yi masa laƙabi da fatalwar Malama Willmott. Ellen Willmott, wadda ta rayu daga 1858 zuwa 1934, attajira ce mai lambu a Warley Place da ke Essex, kuma ana ba da labarin cewa takan watsa irin wannan tsiro a ɓoye a lambunan da ta ziyarta, sai bayan ta tafi da daɗewa ya ɓullo.

Yadda ake shuka shi

Rana ce buƙata ta farko. Mafi yawan dayin ado yana son hasken rana kai tsaye na aƙalla sa'o'i 6 a yini. A inuwa karansa yana yin tsawo ba ƙarfi, launin furen ya dusashe.

Ta biyu ita ce ƙasar da ba ta riƙe ruwa. In ban da Cirsium rivulare, waɗannan tsirrai sun saba da tudu da tsakuwa da ƙasa mara ƙarfi. Ruwan da ya kwanta a gindinsu, musamman lokacin sanyi, yana ruɓar da saiwa, kuma shi ne ya fi kashe su a lambu. Mai ƙasar laka sai ya gauraya ta da tsakuwa ko yashi mai kauri, ko ya ɗaga kunya. Taki mai yawa ma cutarwa yake yi, domin ganye yana yin yawa, kara ya yi laushi ya kwanta, fure ya ragu.

Ana barin tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin gindin Echinops da na kusa da shi. Onopordum da Cynara suna buƙatar kusan mita guda. Ya kamata a nisanta su da hanyar wucewa da wurin wasan yara, a kuma sa safar hannu mai kauri duk lokacin da za a taɓa su.

Yawancinsu suna da doguwar saiwa guda mai nutsewa ƙasa kamar ta karas. Ita ke ba su juriyar fari bayan sun kafu, ita ce kuma ta sa ba sa son dashe. Don haka ana zaɓar wurin zamansu tun farko, a dasa su suna ƙanana, a riƙa ba su ruwa a shekarar farko, daga nan a rage.

Ana yaɗa su ta hanyoyi uku. Akwai iri, wanda ake shukawa a farkon lokacin ɗumi ko a kaka. Irin Eryngium sau da yawa ba ya tsira sai ya sha sanyi na wasu makonni, shi ya sa ake barin sa a waje lokacin hunturu ko a ajiye shi a firiji cikin yashi mai laima. Akwai yankan saiwa, inda ake yanko guntaye masu kaurin fensir lokacin da tsiron ke barci a hunturu, a binne su a tukunya. Akwai kuma raba gindi, wanda ya fi dacewa da Cirsium rivulare bayan 'yan shekaru.

Ƙwari ba su cika damun su ba, sai ƙananan nan masu tsotson ruwan ganye da manoma ke kira darɓa, da dodon koɗi da kan ci sabon toho. Barewa da zomo ma kan kauce musu.

Aiki mafi muhimmanci shi ne yanke kan furen da zarar ya fara bushewa, kafin iri ya nuna. A Echinops hakan yakan jawo fure na biyu. A Onopordum da Silybum kuwa, wannan yankan shi ne bambanci tsakanin lambu da annoba. Ba a zuba kawunan da aka yanke a juji ko ramin takin gida, domin irin yana iya ƙarasa nuna a can. A zuba su a buhu a ɗaure, ko a ƙone.

Abin da yake bayarwa

Ƙudan zuma suna cikin manyan masu cin moriyar dayi. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2016 ya gano cewa nau'o'in tsirrai huɗu kacal ke samar da fiye da rabin ruwan zaƙin furanni a Birtaniya, ɗaya daga cikinsu kuwa dayin fadama ne, Cirsium palustre. Tsuntsaye masu cin hatsi suna rayuwa da irinsa a kaka da hunturu.

Akwai wani malam-buɗe-littafi mai suna Vanessa cardui, wanda sunansa ma daga kalmar Latin ta dayi aka ɗauko shi, domin tsutsarsa ganyen dayi take ci. Masana sun tabbatar cewa wannan ƙwaro yana tashi daga Turai a kaka, ya ƙetare Sahara, ya hayayyafa a yankin Sahel bayan damina, zuriyarsa kuma su koma arewa. Wanda ya sauka a kan furen wani lambu a Ingila yana iya zama jikan wanda ya tashi daga dajin Nijar ko Chadi.

A Fotugal da Sifaniya ana busar da furen Cynara, a jiƙa shi, a yi amfani da ruwan wajen daskarar da nonon tumaki a yi cuku, kamar cukun Serra da Estrela da na Torta del Casar. Aiki ɗaya ne da wanda Fulani ke yi da ganyen tumfafiya. A Habasha ana turara saiwar Echinops kebericho a gida ana kuma magani da ita. A yammacin Kamaru saiwar Echinops giganteus kayan ƙamshin miya ce, har wani kamfanin turare na Faransa ya ƙulla yarjejeniyar raba amfani da al'ummar da ke haƙo ta. Gonakin furanni na Kenya da Habasha kuma suna noman Eryngium suna aika shi kasuwar furanni ta Holan.

Tambarin Sikotilan

Babu ƙasar da ta ɗaukaka dayi kamar Sikotilan, inda ya zama tambarin ƙasa. Almara ta ce wasu mahara daga Arewacin Turai sun cire takalma domin su yi wa 'yan Sikotilan kwanton ɓauna da dare, ɗayansu ya taka ƙaya ya yi ihu, asirinsu ya tonu. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne hoton dayi ya bayyana a kuɗin azurfa na Sarki James na Uku wajen 1470, kuma a 1687 Sarki James na Bakwai ya kafa lambar girmamawa mafi daraja ta ƙasar da sunan wannan fure. Har yau yana kan rigar ƙungiyar zari-ruga ta ƙasar, kuma ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Partick Thistle da ke Glasgow, wadda aka kafa a 1876, sunansa take ɗauke da shi.

Abin lura shi ne Onopordum, wanda duniya ke kira dayin Sikotilan, masana tsirrai da yawa suna ganin ba ɗan asalin ƙasar ba ne, shigo da shi aka yi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a filayenta shi ne Cirsium vulgare, shi kuma dokar Birtaniya ta sa shi cikin ciyayi masu cutarwa.

Idan ya tsallake shinge

A ƙasarsa ta asali dayi yana da abokan gaba: ƙwari masu cin irinsa, cututtuka, da sauran tsirrai da suka saba gogayya da shi. Idan aka kai shi wata nahiya mai irin yanayin da yake so, yana barin waɗannan a baya.

Charles Darwin ya ga sakamakon haka da idonsa a farkon shekarun 1830, lokacin da ya ratsa filayen kiwo na Yurugwai da Ajantina. Ya rubuta cewa Cynara, wanda Turawa suka shigo da shi, ya rufe ɗaruruwan murabba'in mil, har mutum ko dabba ba sa iya ratsawa.

A Ostireliya abin bai ɗauki lokaci ba. A 1852, ƙasa da shekara 20 da kafa mulkin mallaka a Kudancin Ostireliya, majalisar yankin ta yi doka ta musamman domin hana yaɗuwar dayin Sikotilan. Yankin Victoria ya bi sahu a 1856. A Arewacin Amurka, an shigar da Onopordum a ƙarni na 19 a matsayin furen ado, yau kuma yana cikin jerin miyagun ciyayi a jihohi da dama na yammacin Amurka. Gindi ɗaya yana iya zubar da dubban ƙwayoyin iri, wani lokaci har 40,000, irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa shekaru masu yawa yana jiran ruwa. Idan ya cika makiyaya yana kashe ciyawar da ke ƙarƙashinsa, ya tare wa shanu hanyar mashaya.

Silybum yana da nasa haɗarin. Yana tara sinadarin naitiret a ganyensa, wanda kan kashe shanu da tumaki idan suka ci da yawa. A jihar Washington yana cikin rukunin farko na miyagun ciyayi, waɗanda doka ta ce a kawar da su duk inda aka gan su.

Ba duk dayin da ya zama annoba ne ya fito daga lambun ado ba. Cirsium arvense, mai yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin ƙasa, ana kyautata zaton cikin irin hatsi ya ɓuya ya shiga Arewacin Amurka daga Turai. Jihar Vermont ta yi doka a kansa tun 1795. Ɗan guntun saiwarsa da garma ta yanke yana iya zama sabon tsiro, don haka huɗa kan ƙara yaɗa shi. Ba a shuka shi a lambu ko kaɗan.

A Birtaniya, Dokar Ciyayi ta 1959 ta ambaci tsirrai biyar, biyu daga cikinsu dayi ne: Cirsium vulgare da Cirsium arvense. Dokar ba ta haramta samun su a fili ba. Abin da ta yi shi ne ba gwamnati ikon aika wa mai fili takardar umarni ya hana su yaɗuwa, wanda ya ƙi bi kuma ya aikata laifi.

Garin neman gira

Yaƙi da dayi ma ya haifar da tasa ɓarnar. A 1968 aka saki wani ƙwaro mai dogon baki ɗan asalin Turai, Rhinocyllus conicus, a Kanada, a 1969 kuma aka sake shi a Amurka. Manufar ita ce tsutsarsa ta cinye irin Carduus nutans, wani baƙon dayi da ya addabi makiyaya. Ƙwaron ya yi aiki a wurare da yawa, amma bai tsaya inda aka aike shi ba.

Arewacin Amurka tana da nata nau'o'in dayi na gida, waɗanda ba sa cutar da kowa, ƙwari da tsuntsayen ƙasar kuma sun dogara da su. A 1997 Svata Louda ta Jami'ar Nebraska da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science cewa ƙwaron ya koma kan waɗannan, yana rage yawan irinsu ƙwarai, musamman Cirsium canescens na filayen yashin Nebraska. A shekarar 2000 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta soke izinin ɗaukar ƙwaron daga jiha zuwa jiha, amma ya riga ya bazu. Wani dayin gida da ke tsirowa a tudun yashin gaɓar manyan tafkunan Amurka, Cirsium pitcheri, yana cikin jerin tsirran da ke fuskantar barazana tun 1988.

Wa ke biyan kuɗin ɓarna?

A duk waɗannan misalai, wanda ya shigo da tsiron da wanda ya ɗauki asarar ba mutum ɗaya ba ne. Mai sayar da iri ya karɓi kuɗinsa, mai lambu ya more furensa, makiyayi da manomi da baitulmalin gwamnati kuma su ne ke biyan kuɗin feshi da sassabe shekara da shekaru. Wannan ne ya sa ƙasashe irin su Ostireliya da Niyu Zilan suka juya tsarin, suka ce sai an tantance haɗarin sabon tsiro kafin a ba shi izinin shiga.

Najeriya ta san wannan labari ta wani tsiron daban. Wata irin kainuwa mai furen shunayya, 'yar asalin yankin Amazon, ta zagaya duniya ne a matsayin adon tafkunan lambu. A 1984 ta ɓullo a ruwan Legas ta ɓangaren Badagry, daga baya ta bazu a koguna da tafkuna, tana toshe hanyar jiragen ruwa da komar masunta. Yau sayen iri daga ƙasar waje ya zama abin danna waya, ƙaramar ambulan ta iso ta hannun masu kai saƙo. Dokar ƙasa ta ce shigo da iri ko tsiro yana buƙatar izinin Hukumar Killace Kayan Gona ta Najeriya, NAQS, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito.

Yawancin dayin adon Turai ba zai ji daɗin zafin Sakkwato ko Maiduguri ba, wasu ma ba sa fure sai sun sha sanyin hunturu. Wuraren da suka fi kusa da yanayin da yake so su ne tuddai masu sanyi irin na Jos da Mambila, waɗanda kuma su ne ƙasar kiwo da noman kayan lambu. Wato inda ya fi yiwuwa ya yi kyau, nan ne kuma ya fi yiwuwa ya kufce.

Kafin a shuka

Mai sha'awar dayin ado ya fara da sanin sunan kimiyya na abin da zai saya, domin sunan kasuwa ɗaya kan rufe nau'o'i da yawa. Ya bincika ko nau'in yana cikin jerin miyagun ciyayi a ƙasarsa ko a wata ƙasa mai irin yanayinta. Ya fifita masu tsayawa a gindi ɗaya, kamar Echinops ritro da Cirsium rivulare, a kan masu zubar da dubban iri. Idan lambunsa yana maƙwabtaka da gona ko makiyaya ko rafi, ya haƙura da Onopordum da Silybum gaba ɗaya. Ya yanke kan fure kafin ya yi gashi, ya cire duk ɗan tsiron da ya fito inda ba a shuka shi ba tun saiwarsa ba ta nutse ba, kada kuma ya raba wa abokai irin da bai san halinsa ba, ko da kuwa ya ji labarin Malama Willmott ya burge shi.